Goyon Suruki a Burtalin Dawa

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Alhamis muka taru a ƙofar gidan surukina. Mu goma sha ɗaya ne, babura shida. Akwai shi surukin nawa, wanda nake kira Baba, akwai ni, akwai taubashina ɗan kawuna, sauran kuma maƙwabta ne da ɗaliban da ke ɗaukar karatu a zauren Baba. Na san lokacin daidai domin na duba agogon hannuna sau biyu kafin mu tashi.

Rasuwa ce ta tara mu. Aminin Baba ne ya cika da asuba a wani ƙauye ta wajen Ɗambatta. Tare suka yi karatu tun suna yara, tare suka sauke, kuma mamacin ya bar wasiyya cewa Baba ne zai yi masa salla. Iyalinsa sun sa ƙarfe goma sha ɗaya. Labarin ya iso mana a makare, domin wayar Baba ta kwana a shagon mai caji, sai da aka je karɓo ta aka ga kira ya fi goma. Idan aka bi ta kwalta, zagaye ne mai nisa, ga jiran mota ta cika. Saboda haka babu zaɓi sai burtali. A tafiyata ta kullum, burtalin nan minti hamsin yake ci mini. Mu kuwa minti arba'in muke da shi.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai na yi masa bayanin hanyar. Mu ba mu da daji. Gona manne take da gona tun daga bayan gari har zuwa bayan garin da ke gaba. Hanya ba ta da ikon miƙewa, iyakar gona take bi, iyakar kuwa rabon gado ne ya yanka ta. Inda gonar wani ta ƙare aka shiga ta ɗan'uwansa, nan hanya take karyewa, wani lokaci dama, wani lokaci hagu. Gefe da gefe shingen aguwa ne. Faɗinta bai wuce na amalanke ɗaya ba, a wasu wuraren ma bai kai ba. Da rani babu damuwa, kana hango mai zuwa tun daga nesa. Amma wannan ƙarshen damina ne, an yanke gero, dawa kuwa tana tsaye ta fi tsayin mutum da hannunsa a miƙe sama. Idan ka shiga, sama kawai kake gani da tazarar da ke gabanka zuwa kwana ta gaba. Kuma ruwa ya tara yashi a kowace kwana.

Ina da tsarina a kan babur, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Kafin in hau, ina taɓa tayoyi, sannan birki, sannan in leƙa mai, sannan addu'a. A burtali kuma, kafin kowace kwana ina rage giya, in danna hon sau biyu, in saurara, sannan in shiga ta hannuna. Kwana tara ce tsakanin garinmu da wancan ƙauyen, na san su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na san ɗakunan gidana. Taubashina ya daɗe yana yi mini tsiya a kan haka. Ɗan sandan burtali yake kirana. Yakan ce wa mutane idan suna so su je kasuwar Laraba a bayana, to su hau tun ranar Litinin.

Wannan tsarin ne ya sa aka ba ni goyon Baba. Surukata ce ta aiko daga cikin gida cewa kada a ɗora Malam a bayan kowa sai mijin 'yarta, shi ne mai natsuwa. Girmamawa ce, kuma na ji daɗinta.

A wurinmu idan za a tafi a ayari, babba ne a gaba. Ba a wuce malami a hanya, ko a ƙafa ko a kan abin hawa. Wanda ya goya shi shi ne ja-gaba, sauran su bi a jere. Ga kuma surukuta. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakina zuwa kunnensa ba. Shi ma ba ya kama sunana, Malam yake ce mini, alhali ni ba malamin komai ba ne, noma nake yi da ɗan awon hatsi.

Ina da hular kwano. Na fito da ita, na ga Baba tsaye da rawani, sai na mayar da ita na rataya a zaure. Ban ga yadda zan rufe kaina in bar nasa a buɗe ba, ban kuma ga yadda zan ce ya kwance rawani ya sa kwano zai je sallar gawa ba. Taubashina ya gani, ya matso kusa da kunnena ya ce yau ɗan sanda ya ajiye kaki ke nan. Ban kula shi ba. Na tattara wa Baba babbar rigarsa na cusa ƙarƙashin cinyarsa don kada sarƙa ta kama, na nuna masa inda zai sa ƙafa. Muka tashi. Taubashina shi ne na biyu a layi, shi kaɗai ne ba shi da goyo.

A kwana ta farko na yi abin da na saba. Na rage giya, na danna hon sau biyu. Kafin in gama juyawa na ji yatsu biyu a kafaɗata.

"Malam, ba biki za mu ba."

A hankali ya faɗa, ba da faɗa ba. Yana cikin salati ne hon ɗin ya katse shi. Na ce to, Baba. Daga nan na ɗauke babban yatsana daga kan hon.

A kwana ta biyu ban danna ba, amma na rage gudu sosai, na miƙa wuya ina leƙe. Babu kowa. Da muka fita, Baba ya ce ana jiranmu da gawa, kuma rana tana ɗagawa. Na sake cewa to. Na ƙara wuta.

Tun daga nan na fara ganin abin da ke bayana a madubi. Su biyar ɗin nan duk sun san lokaci ya ƙure, kuma babu wanda zai iya wucewa gaba. Abin da ya rage musu shi ne matsowa. Tayar taubashina ta gaba ba ta fi kamu biyu tsakaninta da tayata ta baya ba. Na uku ya manne masa, na huɗu ya manne wa na uku. Ina ganin taubashin nawa yana ɗaga haɓa, wato in ƙara. Sau ɗaya na saki hannun hagu na yi masa alama ya ja baya. Ya yi murmushi, ya ɗauka wasan da muka saba ne.

Na duba halin da nake ciki, na ga babu ƙofa. Idan na taka birki da ƙarfi, na baya zai hau mu. Idan na ƙara gudu, ban san abin da ke bayan dawa ba. Ba zan iya rakuɓewa gefe ba, aguwa ce dama da hagu. Ba zan iya tsayawa in sauka in jera mutane yadda ya kamata ba, domin tsayawar minti uku ce, kuma Baba zai tambayi dalili a gaban ɗalibansa. Sauraron da nake yi kafin kwana shi ma ya zama banza, ƙarar babura shida ta cika burtalin, ko jirgi ne ke zuwa ba zan ji ba. Hon ne kaɗai ya rage mini, shi kuma an hana ni.

Na shirya maganar a zuciyata. Zan ce, Baba, a gafarce ni, hon ɗin nan don na gaba ne ya san muna tafe. Gajeriyar magana ce, babu rashin ladabi a cikinta. Na shirya ta a kwana ta uku, na ce zan faɗa a ta huɗu. A ta huɗu Baba yana karatu a bayana, muryarsa tana rawa, na gane kuka yake yi a ɓoye. Na ce bari sai ta biyar. Muka wuce ta biyar da ta shida lafiya, ba mu haɗu da kowa ba sai wata akuya. Kowace kwana da muka wuce lafiya sai maganar ta ƙara yi mini nauyi, domin zai zama kamar ina tayar da zancen da ya riga ya wuce.

Kafin kwana ta bakwai akwai ƙorama. Ana gangarawa a tsallake ɗan ruwa, sannan a hau tudu, a saman tudun kuma akwai wata tsamiya, daidai nan hanya take karyewa hagu. Da goyo ba a hawa tudun nan sai an murɗa totur. Ita ce kwanar da na fi tsoro a duk hanyar, kuma idan ni kaɗai ne hon sau uku nake yi mata. Na sa yatsana a kai. Ina jin gwiwar Baba a jikina. Ban danna ba.

Zan faɗi abin da ya faru yadda ya zo. Da farko na ga kawunan gero suna fitowa daga bayan dawa, a kwance, a daidai ƙirjina. Wani mutum ne daga ƙauyen gaba ya ɗauro dammuna huɗu a gicciye a bayan baburinsa, sun cike hanyar daga shinge zuwa shinge. Ya kashe inji yana gangarowa shiru, kamar yadda mutane da yawa suke yi tun da mai ya yi tsada. Na biyu, na taka birkin baya, na kama na gaba kaɗan. Na uku, tayar gaba ta nutse a yashi, muka tsaya. Mai geron shi ma ya sa ƙafafu biyu a ƙasa ya tsaya. Ban buge shi ba. Ina so a san wannan. Tsakanina da shi akwai kusan taku ɗaya.

Na huɗu shi ne dukan da ya zo daga baya. Taubashina ya hau mu da dukkan gudun da ya ɗauko don hawan tudu. Mai babur na uku ya hau shi. Baburina ya kife ta dama, na taubashina ya faɗo a kansa, kan na ukun ya shige tsakaninsu. Sauran ukun sun samu sun tsaya a cikin ƙoramar.

Na tsinci kaina kumatu a yashi, ƙafata ta dama a ƙarƙashin tanki, salansar wani babur tana cin ƙaurina. Na yi yunƙuri, babu inda ya motsa. Sama da fuskata wani reshen aguwa ya karye, farin ruwansa yana ɗiga, ina ta kawar da ido. Ba na ganin Baba, amma ina jin numfashinsa a bayana. Bai yi ihu ba. Ya ambaci Allah sau ɗaya kawai.

Fitar da mu ya ɗauki lokaci saboda ƙuncin wurin. Na baya ba su da ta inda za su zagayo, mai gero kuma dammunansa sun tare shi daga gaba. Sai da aka janye babur na uku da baya, sannan aka ɗaga na taubashina, sannan aka zo kan nawa. Ana cikin haka na ji Baba yana tambaya.

"Ƙarfe nawa?"

Hannuna mai agogo shi ne a waje. Na ce sha ɗaya saura minti bakwai, Baba. Ya ce to, ai an kusa, a ɗora shi a wani babur ɗin. Da aka ɗage nawa, biyu daga cikin ɗalibansa suka kama shi ta hammata. Ƙafarsa ta dama ta juya waje yadda ƙafa ba ta juyawa. Duk da haka ya ce a tsayar da shi. Suka gwada. Gumi ya keto masa, ya ce a mayar da shi ƙasa. Rawaninsa ya warware, wani ya naɗe ya sa masa a ƙarƙashin kai.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya kira ɗan mamacin ya gaya masa. Suka ce za su jira. Sun jira rabin sa'a, Allah ya saka musu. Amma an gama kabari tun hantsi, jama'a suna tsaye a rana, kuma mu mun riga mun san ba mai zuwa. Baba da kansa ya ce a gaya musu limamin garin ya yi. Sannan ya roƙi abu ɗaya, ya ce kada ɗan ya kashe wayar. Ɗan ya sa ta a aljihu a buɗe ya shiga sahu. Ɗalibin ya durƙusa ya riƙe tasa kusa da kunnen Baba. A nan kwance a gindin tsamiya, mu goma sha biyu har da mai gero, muka ji kabbara huɗu suna fitowa daga wayar, can ƙasa-ƙasa. Da aka yi sallama Baba ya juya fuskarsa wajen shinge.

A kan ƙyauren wata bukkar gona aka ɗauke shi zuwa inda amalanke zai iya juyawa, daga nan zuwa bakin kwalta. Mai ɗori ya duba ya ce karayar ta yi sama da yawa, kusa da ƙugu, ba aikinsa ba ne. Aka wuce da shi asibiti a birni. Ya yi mako biyar a can. Ni ƙuna ce kawai a ƙauri da targaɗe, taubashina ya rasa haƙori ɗaya.

Duk wanda ya zo dubiya ƙaddara yake cewa. Na yi imani da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Amma na san abin da yatsana ya yi da abin da bai yi ba, kuma babu wanda zan gaya wa. Matata ta tambaye ni sau ɗaya yadda abin ya faru. Na fara ba ta labari, da na zo kan maganar da mahaifinta ya yi a kwana ta farko sai na tsallake ta. Ba zan ɗora wa tsoho laifi a gaban 'yarsa ba. Surukata kuwa har yau idan na shiga gaishe ta sai ta ce Allah ya sa ma ni ne na goya shi, da wani ne da ba a san abin da zai faru ba. Ina durƙushe nake amsawa da amin.

Taubashina ya daina yi mini tsiya. Tsakanin taubasai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wata rana a gona ya ce mini shi ya ɗauka idan ya matso zan ji kunya in ƙara gudu, taimakona yake yi. Na ce na sani. Ya jira in zage shi, ban iya ba.

Bayan an dawo da Baba gida, mai geron ya zo gaisuwa da kaji biyu. Mutum ne mai sauƙin kai. Ya durƙusa a zaure ya nemi gafara, ya ce shi kullum idan ya zo saman tudun nan da kaya yakan kasa kunne, idan ya ji hon sai ya tsaya a gindin tsamiya har mai zuwa ya fito. Ran nan ya ji ƙarar babura, amma da bai ji hon ba sai ya ɗauka a ɗaya burtalin suke, wanda ya bi ta bayan gonakin. Ba da wata manufa ya faɗa ba. Ina zaune a bakin ƙofa. Baba ya ce masa babu komai, ya sa masa albarka, ya tafi.

Kullum bayan sallar asuba nakan biya in gaishe shi kafin in wuce gona. Bayan kamar mako biyu da zuwan mai geron, na gaishe shi zan tashi sai ya ce in dakata. Mu biyu ne kaɗai a zauren.

"Malam, kwanar nan ta tsamiya, ka santa?"

Na ce na santa, Baba.

"Ka san ana hon a wurin?"

Na ce na sani.

"To me ya hana ka gaya mini?"

Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Na ce Allah ya huci zuciyar Baba. Ya ce shi ba fushi yake yi ba, tambaya yake yi. Ya ce shi bai taɓa tuƙa babur ba, bai san abin nan yana da wani amfani ba ban da kiran fasinja da damun mutane. Da na faɗa masa da ya ce in yi. Na yarda da gaske yake. Ya jira amsa, ni ma na jira ta zo. Sai ɗaliban farko suka yi sallama, na ɗauki takalmana na fita.

Yanzu da sanda yake tafiya, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki. A zaune yake salla. Ƙafar ba ta buɗuwa yadda zai iya hawa babur, mota kuma ba ta shiga har maƙabartar wancan ƙauyen. Bai je kabarin amininsa ba har yau. Ya ambata sau biyu, sannan ya daina.

Ni kuwa ina nan ina bin burtalin, kuma har yanzu idan za a tafi ayari ni ake nuna wa dattijo a ce ga mai natsuwa nan. Ban taɓa cewa a'a ba. Ina hon ɗina a kowace kwana, kuma ba a sake taɓa mini kafaɗa ba. Idan aka taɓa gobe, ina so in ce zan yi magana, amma na san kaina, na kuma san yadda aka rene ni, saboda haka ba zan yi alkawarin da ban tabbata da shi ba.

Shi ya sa nake roƙonka, kai mai karatu. Idan kai ne babba, kuma ɗanka ko surukinka ko ɗalibinka zai goya ka, to kafin ka ɗaga ƙafa ka hau, ka faɗa masa da bakinka, yadda waɗanda za su biyo baya za su ji, cewa tuƙin nasa ne: ya yi hon inda ya ga dama, ya tsaya inda ya ga dama, su kuma su bar masa fili a bayansa. Kada ka jira ya roƙe ka. Ka riga shi faɗa.